Kwamfutar Bayan Labule

Litinin, bayan la'asar

Yau Hajiya shugabar makarantarmu ta kira sunana a asambuli, gaban kowa, har da 'yan aji ɗaya. Ta ce ni Safara'u, firifet ɗin ɗakin kwamfuta, ni na shigo wa kwamfutocin makaranta da bairos a filash ɗina. Ta ce in fito, na fito. Ta ce in ba da makulli. A bakin hijabina nake ƙulle shi, ƙullin ya ƙi kwancewa, makaranta guda tana tsaye tana jirana. Na ji dariya daga layin ajinmu.

Na miƙa makullin na koma layi. Kullum haka nake, sai na dawo gida maganar take zuwa bakina. To ga ta nan. Ba mu da kwamfuta a gida. Ban taɓa kai filash ɗin nan wurin masu tura waƙoƙi na bakin kasuwa ba, ban taɓa ara wa kowa ba. Daga ɗakin kwamfuta sai jakata, daga jakata sai ɗakin kwamfuta. In har yana da cuta, a can ya ɗauko ta.

Makon jiya ne kwamfutocin suka fara nauyi, a danna abu a yi ta jira. Foldojin darasi suka ɓace, wasu masu kama da su suka zauna a wurinsu, in an buɗe ba komai. Manhajar da muke gwajin tambayoyin JAMB tana tsayawa cak a tsakiyar tambaya. Ranar Alhamis Malam Muhyiddeen, malamin kwamfuta, ya karɓi filash ɗina zai kwafi aikin gida, yana sa shi a laftof ɗinsa sai jan gargaɗi ya fito. Shari'ar ke nan gaba ɗayanta. Ba a gwada filash ɗin kowa ba sai nawa.

An hana ni shiga ɗakin har sai abin da hali ya yi. JAMB wata mai zuwa ne, kuma a kwamfuta ake yin ta. Ni don shara da tsare makulli aka ba ni firifet, ba don na fi kowa iyawa ba. Har yanzu in na kama linzami kibiyar guduwa take yi.

Talata, da safe

Ban faɗa wa Umma ba.

Talata, bayan azahar

Sakina 'yar ajinmu ta raɗa mini suna. Ina shiga aji ta janye jakarta ta ce, "Ku matsa, ga Hajiya Bairos nan, kar ta shafa muku." Suwaiba ƙawata ta ce, "Ke Sakina, ke da ko kunna kwamfuta sai an kama miki yatsa? Bairos ma in ya shiga kanki ba abin da zai samu ya ci." Aka yi dariya. Ban ji daɗin dariyar ba, domin sunan ya riga ya zauna.

Lokacin darasin kwamfuta a baranda na zauna. Na zana madannai a bayan kwali ina dannawa kamar mahaukaciya. Ta taga ina hango koren labulen nan na ƙuryar ɗakin.

A bayan labulen akwai ɗan ƙaramin ɗaki, a ciki akwai kwamfutar Baba. Tsohuwa ce, ta girmi duk sauran. Baba shi ne malamin Alƙur'ani da tajwidi na makarantar nan har Allah ya karɓi abinsa bara. A ɗakin nan yake zama bayan an tashi, yana naɗar karatunsa da darussansa. Bayan rasuwarsa Hajiya ta tara makaranta, ta ce a gaban 'yan'uwansa muddin ita ce shugaba muryarsa ba za ta yanke a ɗakin nan ba, kuma kada wanda ya taɓa kwamfutar. Aka ja wata shuɗiyar waya ta ƙarƙashin kafet aka haɗa ta da sauran, yadda kowace kwamfuta za ta iya buɗe karatun. Kullum da safe 'yan ƙananan aji suna sa iyafis suna bin ƙira'arsa.

Ni kuma in na gama shara nakan shiga bayan labulen in ɗan zauna. Wannan ba zan rubuta komai a kansa ba.

Alhamis, bayan la'asar

Malam Muhyiddeen ya yi wa kwamfutocin fomatin, wato ya goge komai ya sake zuba musu sabo. Jiya da yau yana ciki, ya naɗe hannun riga. Suwaiba ta ce yanzu gudu suke kamar sababbi. Kowa yana murna, kuma murnar a kaina take sauka: an kori mai cuta, ɗaki ya warke. Na gamu da Malam a bakin ofis, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana duban wayarsa.

Juma'a, bayan sallah

Ranar kasuwa, tun safe manyan motocin shanu ke wucewa. Umma tana ninke wanki ta ɗaga hijabina ta shafa bakinsa.

"Ina makullin?"

"An karɓa."

"Kin yi wani abu ne?"

"A'a."

Ta dube ni, ta ce, "To." Ta ci gaba da ninkinta. Da rana na ga ta zuba mini nama biyu a miya. Wallahi da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Litinin, bayan azahar

Ya dawo.

Ana tsakiyar gwaji kwamfutocin suka sake tsayawa, ɗaya bayan ɗaya, daga layin ƙurya zuwa bakin ƙofa. Filash ɗina yana cikin durowar Hajiya. Ƙafata ba ta taka kafet ɗin nan ba tun ranar da aka karɓi makulli. Da na ji labari, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na gyara hijabi ina jiran a aiko a kira ni a ce an yi kuskure.

An aiko, amma Suwaiba aka kira. Hajiya ta ce tabbas na raba wa ƙawayena abin kafin a kama ni. Aka zazzage jakar Suwaiba a kan tebur gaban malamai, har da abin da bai kamata namiji ya gani ba. Ba a samu komai ba. Duk da haka an kafa sabuwar doka: ba filash, ba memori, takalmi da jaka a waje, kuma wata firifet za ta tsaya a ƙofa tana duba tafin hannu. Tafin hannu! Sai ka ce a hannu ake ɗauko shi kamar lalle.

Sakina ta ce wai ina da wani makullin a ɓoye. Ta ce ko kuma ido na yi wa ɗakin ta taga.

In ina ciki ni ce. In ba na ciki ni ce. To a ina ake so in tsaya?

Laraba, bayan la'asar

Yau a baranda na tuna wani darasi da Malam Muhyiddeen ya yi mana a aji biyar. Ya ce bairos iri-iri ne. Akwai wanda sai mutum ya ɗauke shi ya kai, a filash ko a saƙo. Akwai kuma wanda ba ya jiran kowa: in kwamfutoci suna haɗe da waya, da kansa yake bi yana ƙwanƙwasa kowace, duk wadda ya tarar da kafa a buɗe, kamar foldar da aka bar wa kowa ko tsohuwar manhajar da ba a sabunta ba, sai ya shige ya kwafi kansa, daga nan ya ci gaba da ƙwanƙwasa maƙwabta.

Da ya ga ba mu gane ba, ya fito da mu gaban allo. Ya sa Suwaiba ta murza jan alli a tafinta, muka yi layi, kowace ta tafa da ta kusa da ita. Kafin a kai ƙarshe duk hannunmu ya yi ja. Ya ce mu je mu wanke, ban da Suwaiba. Muka dawo da hannu fes, ya ce a sake tafawa. Muka sake yin ja. Na tuna yadda ya ɗaga yatsa ya ce, "Ko guda ɗaya kuka bari, aikin banza kuka yi."

Shi ya faɗa. Da bakinsa.

A hanyar gida na tambayi Suwaiba, "Da ya yi fomatin, duka ya yi wa?"

"Duka mana."

"Har ta bayan labule?"

Ta tsaya ta dube ni. "Haba Safara'u. Wa zai taɓa ta marigayi Malam?"

Muka rabu a kwanar gidansu.

Alhamis, da safe

Ba zan yi wannan tunanin ba.

Juma'a, bayan la'asar

An kawo wata Anti Sharifa, ɗalibar jami'a mai karatun kwamfuta, ta taya Malam. Suwaiba ta ce doguwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Sun sake goge komai. Wai da suka gama Anti ta tambaya, "Su ke nan kwamfutocin? Ba wata a wani ofis da ke haɗe da su?" Malam ya ce, "Su ke nan." Labulen yana rufe, ita kuwa baƙuwa ce, ta ɗauka sito ne.

Wataƙila ni ce ban gane darasin ba. Wataƙila wannan karon ya tafi ke nan. Na yi addu'a ya tafi. Ban taɓa roƙon Allah a kan abu ina jin kunyar roƙon ba sai yau.

Talata, bayan azahar

Ya dawo.

Laraba, bayan la'asar

Na tare Malam Muhyiddeen a bayan ɗakin malamai. Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na gaishe shi, ya amsa, ya juya zai tafi, na ce, "Malam, jan alli."

Ya tsaya.

Na ce, "Ka ce ko guda ɗaya aka bari."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Safara'u, mahaifinki ne ya koya mini karatu tun ina yaro. Kwamfutar nan ta tsufa, abin da ke cikinta ko rigakafi ba ya karɓa. In za a raba ta da bairos sai an goge ta gaba ɗaya, kuma ban tabbata zan iya fito da karatun lafiya ba. So kike in zama ni na goge muryar Malam Isyaku?"

Na ce to a cire wayar mana. Ya ce in ya cire, gobe da safe yara za su sa iyafis su ji shiru, Hajiya za ta tambayi dalili. "In ce mata me? In ce kwamfutar Alƙur'ani ce ke raba cuta? Ni da ko takardar zama ma'aikaci ba a ba ni ba tukuna?" Ya ce yakan cire ta in yana gyara, in ya gama ya mayar, yana fatan a dace. Ya ce bai san yadda aka yi ta kamu ba, ko wa ya sa mata wani abu, ko yaushe. Ya ce, "Ki yi haƙuri. Don ke ma nake yi. Abin zai wuce."

Don ni! Tun ranar farko ya sani. Yana tsaye a asambuli, hannu a baya, ina kokawa da ƙulli. Yana nan aka zazzage jakar Suwaiba. Ya zauna shi kaɗai ya auna sunana da muryar Baba, ya yanke wanda za a bari, bai ga ya dace ya tambaye ni ba. Sunan nawa ne. Uban ma nawa ne.

Na ce, "Na gode, Malam." Na gode! Abin da ya fito daga bakina ke nan. Har yanzu ina jin haushin kaina.

Alhamis, bayan la'asar

Bari in rubuta abin da na ce ba zan rubuta ba.

Ni ce 'yar fari. Baba bai taɓa kiran sunana a gida ba, haka Umma. "Ke." "Yarinyar nan." "Ku kira yayarku." Na san kunya ce irin ta iyaye, ban taɓa jin ciwo ba, haka na tashi na gani. A aji ma in zai tambaye ni da sanda yake nuna ni.

Amma a darasin Suratu Maryam da ya naɗa, wajen tsakiya, yara suna hayaniya a waje, sai ya dakata. Ina bakin labule ranar ina shara. Ya ce, "Safara'u, rufe mana ƙofar nan." Sai ƙarar ƙofa. Sai ya ce, "Madalla." Ya ci gaba da karatu. Ban san ko mantawa ya yi ba. Bai goge wurin ba dai.

Shi nake shiga in saurara. Na taɓa ƙoƙarin kwafarsa a filash ɗina, abin ya ƙi, ina jin ma a nan filash ɗin ya kamu. Yanzu ba shi a ko'ina a duniya sai cikin kwamfutar da ke lalata sauran.

In na yi shiru, ni ce Hajiya Bairos, kuma zan shiga JAMB da kwali. In na yi magana, wataƙila a goge shi.

Litinin, bayan azahar

Hajiya ta hana Suwaiba ma shiga ɗakin. Ta ce tunda abin ya ƙi ƙarewa, duk mai zama kusa da ni abar zargi ce. Suwaiba da take son karatun likita, da take zuwa tun daga Dagumawa a bayan babur ɗin yayanta don kada ta rasa gwajin safe.

Ta zo ta zauna kusa da ni a baranda ta ce, "Matsa mini kwalin, ni ma in danna." Tana dariya, idonta ya yi ja. Ba ta ce mini komai a kan labule ba. Ta sani, ta san na sani, ta yi shiru saboda ni.

Yanzu mu uku ke nan muke yin shiru, kuma ita kaɗai ce ba ta da abin da take karewa.

Talata, bayan magariba

Na faɗa wa Umma duka, ban da maganar Suratu Maryam. Ta saurara tana tankaɗe. Da na gama ta ce, "Yarinyar mutane aka kora?"

Na ce e.

Ta ce, "Shi da ko rediyonsa ya lalace da kansa yake saɓa shi ya kai wa mai gyara. Yaushe ya zama wanda ba a taɓa kayansa?" Ta kaɗe rariya. "Su suka ɗora masa wannan. Shi bai ce ba."

Laraba, bayan la'asar

Na yi.

Anti Sharifa ta dawo, za a yi gyara karo na uku. Lokacin tara na je ƙofar ɗakin, na cire takalmi, na shiga. Firifet ɗin ƙofa ta ce, "Ke, an hana ki fa!" Na wuce ta. Na ce, "Anti, akwai wata a ciki." Muryata ba ta fita ba, ta ce, "Na'am?" Na sake faɗa. Na ɗaga gefen kafet na nuna mata shuɗiyar wayar, na bi ta har labule, na yaye.

Ta gyara tabarau ta ce, "Ikon Allah." Ta zare wayar daga bayan kwamfutar, ta zauna ta yi 'yan danne-danne, ta ce, "Ga gidansa nan. Duk wadda muka wanke, daga nan ake sake aika mata."

Sakina ce ta ruga ta kira Hajiya.

"Wa ya cire wayar nan?"

Anti ta miƙe ta gaishe ta, ta yi bayani a hankali. Hajiya ta ce, "A'uzubillahi. Kwamfutar da ba komai a cikinta sai Alƙur'ani? Cuta ta zauna wuri ɗaya da maganar Allah? Yarinya, ki san abin da kike faɗa." Sannan ta juyo kaina. "Ke kuma, 'yar cikinsa, ke kika jawo a taɓa masa kaya? Don ki wanke kanki?"

Ɗakin ya cika, har ta taga ana leƙe. Na juya na fuskance ta. Na ce, "Ranki ya daɗe, karatun lafiyarsa ƙalau. Kwamfutar ce ba ta da lafiya. Ko allo ma gara tana ci, kuma in ta ci Baba sake allo yake yi."

Ban san daga ina maganar ta zo ba. Yau kaɗai ba ta jira na koma gida ba.

Hajiya ta dubi Malam Muhyiddeen. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, ranki ya daɗe. Ban taɓa goge ta ba."

Ta ja kujera ta zauna. Ban taɓa ganin Hajiya ta zauna a kujerar ɗalibai ba. Ta tambayi Anti, "Muryar za ta fita?"

"Zan yi ƙoƙari, Hajiya, amma ba zan yi alkawari ba. Ma'ajiyar cikinta ta gaji, kuma bairos ɗin ya ɓoye wasu abubuwan, ya ɓata wasu. Zan tafi da ita in kwashe abin da ya kwasu, in tace shi, sannan a goge ta."

Hajiya ta daɗe tana kallon labulen. Sannan ta ce da ni, "Ke ce babbar 'yarsa. Kin yarda?"

Sai yau aka tambaye ni. Na ce na yarda.

Da Anti za ta fita da kwamfutar na bi ta har bakin get. Na ce, "Anti, don Allah darasin Suratu Maryam." Ta ce, "Shi kika fi so?" Na gyaɗa kai. Ba ta tambayi dalili ba, Allah ya saka mata.

Alhamis, da safe

'Yan ƙananan aji sun sa iyafis sun ji shiru. Wata 'yar aji ɗaya ta ce da ni a bakin famfo, "Ke ce kika kashe karatun Malam?"

Juma'a, bayan la'asar

Ba labari.

Litinin, bayan azahar

Tun da aka zare wayar aka sake wanke kwamfutocin, ko ɗaya ba ta tsaya ba.

A asambuli Hajiya ta ce, "Alhamdu lillahi, an gano matsalar ɗakin kwamfuta, an kuma magance ta. Kowa ta koma gwaji." Ta wuce zuwa maganar masu makara. Shi ke nan. Da za a ɓata sunana, da cikakken sunana aka kira ni, gaban makaranta guda. Da za a gyara, sai "an gano". Wa ya gano? A ina aka gano? Jakar Suwaiba fa?

Makullin ma ba a hannu aka ba ni ba, a kan tebur ɗina na tarar da shi tare da filash ɗin. Malam ya ce in riƙa zuwa da sassafe ni da Suwaiba mu rama gwajin da muka rasa. Ya faɗa yana duban bango. Sakina har yanzu tana cewa Hajiya Bairos, sai dai a hankali.

Na zauna gaban kwamfuta yau. Kibiyar ta gudu kamar kullum. Labulen a yaye yake, ba komai a ciki sai tebur da shatar inda ta zauna.

Laraba, kafin magariba

Anti Sharifa ta zo da rana. Ta ce yawancin karatun ya fita, an zuba shi a sabon wuri, gobe yara za su ji. Wasu darussan sun tafi, ba yadda za a yi. Sannan ta kamo hannuna ta sa mini memori a ciki ta ce, "Wannan naki ne, na tace shi. Ban saurara ba, ban san ko ya fita duka ba."

Ban iya jira ba, kuma ban iya saurara ni kaɗai ba. Ƙannena sun tafi Islamiyya. Umma tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na ari wayarta na sa memorin, na ajiye a kan tabarma tsakaninmu.

Da muryar ta fito hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ba ta taɓa jin naɗin nan ba. Farkon yana tsallake, wasu ayoyin sun yanke. Muka zo wajen tsakiya. Hayaniyar yara. Ya dakata.

"Safara'u, rufe mana ƙofar nan."

Ƙarar ƙofa. "Madalla."

Umma ba ta ɗago ba. Ta ce, "A makaranta ne ai. A makaranta dole malami ya kira ɗaliba."

Na ce e.

Ta tsinci tsakuwa ɗaya ta yar. Ta tsinci wata. Sannan ta ce, "Mayar da shi baya kaɗan. Kajin nan sun hana ni ji."

Kajin suna can waje tun la'asar. Na mayar.